GMAT: Yadda ake shirya wa jarrabawar shiga manyan makarantun kasuwanci da abin da ke hana maki tashi

Ga ma'aikacin banki ko injiniya ko ɗan kasuwar da ke burin yin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a makarantu irin su Harvard da Wharton a Amurka, ko London Business School a Ingila, ko INSEAD a Faransa, akwai wata jarrabawa da galibi ke jiransa a bakin ƙofa. Sunanta GMAT.

Awa biyu da minti 15 ake yi ana rubuta ta, kuma lissafin da ke cikinta bai wuce wanda ake koyarwa a sakandare ba. Duk da haka tana kayar da masu digiri mai daraja ta ɗaya, har da waɗanda suka karanci lissafi ko injiniyanci a jami'a.

Kuɗinta ma ba na wasa ba ne. A Amurka ana biyan dala 275 don rubuta ta a cibiyar jarrabawa, dala 300 kuma ga wanda zai yi a gida ta intanet, kuma a sauran ƙasashe farashin bai yi nisa da haka ba. Idan aka lissafa a kan naira 1,500 kowace dala, matakin da canji ya kai a farkon 2024, dala 275 ta haura naira 400,000. Wannan kusan albashin wata shida ne na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya. Wanda bai samu makin da yake so ba kuwa, sai ya sake biya daga farko.

Abin da ya fi ci wa masu rubuta ta tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya shafe watanni yana karatu, ya sake zama, sannan makinsa ya dawo inda yake. Galibi ba ƙarancin karatu ne ke jawo haka ba. Mutum ne yake shirya mata irin shirin da ya yi wa WAEC ko JAMB, na haddace ƙa'idoji da bin tsofaffin tambayoyi ɗaruruwa, alhali ita wannan jarrabawa yadda mutum yake tunani a cikin ƙurarren lokaci take aunawa. Maki yana tashi ne a lokacin da mutum ya gano irin kuskuren da yake maimaitawa ya kuma yi maganinsa.

Daga ina ta samo asali?

A 1953 ne wakilan wasu makarantun kasuwanci tara na Amurka suka haɗu don samar da ma'auni guda da za a riƙa gwada masu neman shiga, tun da kowa daga jami'a daban yake zuwa da sakamakon da ba a iya kwatanta shi da na wani. An fara rubuta jarrabawar a 1954, sannan aka raɗa mata sunan GMAT a 1976. Ƙungiyar GMAC, mai hedikwata a garin Reston na jihar Bajiniya, ita ce ke da ita, kamfanin Pearson VUE kuma shi ke gudanar da cibiyoyin da ake rubuta ta a faɗin duniya. Makarantu sama da 2,000 ne ke karɓar sakamakonta.

Amfanin jarrabawar ga makarantun a bayyane yake. Jami'in da ke tantance takardu a Boston ko Landan ba lallai ne ya san darajar digirin wata jami'a ta Zariya ko Yamai ko Akara ba, amma ya san abin da makin GMAT yake nufi, domin ma'auninsa ɗaya ne ga kowa. Shi ya sa maki mai kyau kan taimaki wanda jami'arsa ba ta yi suna a waje ba, ko wanda sakamakon digirinsa na farko bai yi armashi ba. Makarantu da dama kuma suna duba shi wajen raba tallafin karatu, wanda ga mafi yawan 'yan Afirka shi ne ke yanke hukuncin ko za a tafi ko ba za a tafi ba.

Kiɗa ya canja a 2023

Duk mai shirin rubuta jarrabawar a yanzu ya kamata ya san cewa an sauya mata fasali a watan Nuwamban 2023, kuma an daina rubuta tsohuwar bayan ƙarshen Janairun 2024. Har yanzu tsofaffin littattafai da bidiyoyi suna yawo a hannun mutane, kuma mutum yana iya ɓata makonni a kan abin da aka riga aka cire.

Tsohuwar tana ɗaukar sama da awa uku, tana da sassa huɗu har da rubutun insha'i. Sabuwar sassa uku gare ta, kowanne minti 45. Sashen lissafi yana da tambaya 21, sashen Turanci 23, sashen nazarin bayanai kuma 20, jimilla 64. An cire insha'i, an cire tambayoyin gyaran nahawun jumla, an kuma cire lissafin siffofi da kusurwoyi. Mutum ne zai zaɓi sashen da zai fara da shi, kuma yana da hutun minti 10 sau ɗaya idan yana so.

Ma'aunin maki ma ya sauya. A da daga 200 zuwa 800 ne, yanzu daga 205 zuwa 805, kuma kowane maki da 5 yake ƙarewa don kada a rikita shi da tsoho. Kowane sashe ana ba shi tsakanin 60 da 90, kuma nauyin sassan uku ɗaya ne a jimillar ƙarshe. Wannan yana da muhimmanci, domin a tsohon tsari sashen nazarin bayanai ba ya shiga babban maki, shi ya sa mutane da yawa suka saba yi masa riƙon sakainar kashi. Yanzu shi ne sulusin makin gaba ɗaya.

Haka kuma lambobin biyu ba daidai suke ba. Bisa jadawalin da GMAC ta fitar, 645 na sabon ma'auni daidai yake da 700 na tsoho, makin da ke nufin mutum ya zarce kusan tara daga cikin kowane mutum goma da suka rubuta. Don haka wanda ya ga wata makaranta ta ce matsakaicin makin ɗalibanta ya haura 720, sai ya fara tabbatar da ma'aunin da ake magana a kai kafin hankalinsa ya tashi.

Jarrabawar da ke auna mutum tana tafiya

Tun 1997 ake rubuta GMAT a kwamfuta, da wani tsari da ya bambanta ta da jarrabawar da aka saba. Kwamfutar ba ta ba kowa tambayoyi iri ɗaya. Idan mutum yana amsa daidai sai ta riƙa ƙara masa masu wuya, idan yana kuskure sai ta sassauta. Makinsa na ƙarshe ya dogara ne ga yawan waɗanda ya ci da kuma wuyarsu.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan. Na farko, jin cewa jarrabawar ta yi tsauri ba alamar faɗuwa ba ce, domin an gina ta ne ta kai kowa iyakar ƙarfinsa. Na biyu, faɗuwa a tambaya mai sauƙi ya fi illa a kan faɗuwa a mai wuya, saboda haka sakaci ya fi rashin sani tsada. Na uku, ba a tsallake tambaya, sai an zaɓi amsa kafin a ga ta gaba, kuma ana rage wa mutum maki idan lokaci ya ƙare masa bai kammala sashe ba.

Sabon tsarin ya zo da sassauci guda. Mutum yana iya sa alama a kan tambayoyin da yake shakka, idan ya gama sashen da sauran lokaci ya koma ya duba, ya sauya amsa har guda uku a kowane sashe.

Misalai uku na irin tarkon

Da Turanci ake yin jarrabawar, amma ana iya ganin irin tunanin da take nema da misalan da aka saba da su a kasuwa.

A sashen lissafi, a ce mai sayar da atamfa ya ƙara kashi 20 cikin 100 a kan farashin turmi, da ciniki ya tsaya sai ya rage kashi 20 cikin 100. Mai gaggawa zai ce farashin ya koma yadda yake. Amma turmin naira 10,000 ya zama 12,000, kashi 20 na 12,000 kuwa 2,400 ne, don haka sabon farashin 9,600 ne, ƙasa da na farko da kashi 4. Babu wata ƙa'ida mai wuya a nan, kuma amsar mai gaggawa tana nan cikin zaɓuɓɓuka biyar da ake bayarwa tana jiransa.

A sashen nazarin bayanai akwai wani nau'in tambaya da mafi yawan mutane ba su taɓa cin karo da shi a makaranta ba. Ba a neman amsar lissafin. Ana tambaya ne ko bayanan da aka bayar sun isa a samo amsar. Misali: nawa ne farashin buhun masara? Bayani na ɗaya ya ce buhu 2 na masara da buhu 3 na gero sun kama naira 190,000. Bayani na biyu ya ce buhu 4 na masara da buhu 6 na gero sun kama naira 380,000. Wanda ya haddace cewa bayani biyu sun isa a warware abu biyu da ba a sani ba, nan take zai ce idan an haɗa su sun wadatar. Amma bayani na biyu ninkin na farko ne kawai, bai ƙara komai ba. Amsar ita ce ko an haɗa su ba su isa ba. A wannan sashe ne kuma ake ba mutum jadawali da zanen alƙaluma da wasiƙu daban-daban ya haɗa su ya fitar da hukunci, irin aikin da manaja ke yi kullum a ofis.

A sashen Turanci, ban da fahimtar dogon rubutu, akwai tambayoyin tantance hujja. A ce wani kamfanin lemo ya fara talla a rediyo a watan Maris, ciniki ya ƙaru sosai a Maris da Afrilu, sai manaja ya ce tallan ne ya jawo. Za a tambaya: wane bayani ne zai fi raunana maganar manajan? Ba a neman ra'ayin mutum game da talla. Ana neman ya hango abin da manajan ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba, wato cewa babu wani dalili daban. Idan akwai zaɓin da ya ce a kowace shekara cinikin lemo yana tashi a waɗannan watanni saboda zafin bazara, to shi ne amsar.

Duk misalan uku abu ɗaya suke nunawa: wanda ya faɗi ba don bai san lissafi ko Turanci ba ne, ya faɗi ne don ya yarda da amsar da ta fara zuwa masa.

A fara da gwaji kafin a buɗe littafi

Matakin farko shi ne mutum ya san inda yake tsaye. Shafin mba.com, wanda shi ne na GMAC, yana ba da cikakkun jarrabawoyin gwaji guda biyu kyauta, masu aiki da tsarin ba da maki irin na ainihin jarrabawar. Bayan kwana biyu ko uku na sanin nau'o'in tambayoyin, sai mutum ya zauna ya yi ta farko kamar a ranar jarrabawa: waya a kashe, babu tsayar da agogo, babu leƙa littafi. Ta biyun kuma ya adana ta sai shiri ya yi nisa.

Daga nan sai ya shiga shafukan makarantun da yake so, ya duba makin ɗaliban da suka ɗauka a shekarar da ta gabata. Tazarar da ke tsakanin makinsa da nasu ita za ta faɗa masa tsawon shirin da yake buƙata. Masu koyar da jarrabawar galibi suna ba da shawarar wata biyu zuwa huɗu. Ga mai aiki, awa ɗaya da rabi a kowace ranar aiki da awa huɗu ko biyar a ƙarshen mako sun ba shi kusan awa 12 a mako, wato sama da awa 140 a wata uku. Karatun kullum ko da kaɗan ne ya fi na wanda zai tara komai ya kwana a kai ranar Asabar, kuma mutane da yawa sun fi samun natsuwa da asuba kafin hayaniyar gari ta tashi.

Game da kayan karatu, littafin Official Guide da GMAC ke fitarwa yana ɗauke da tambayoyin da aka taɓa yi a ainihin jarrabawar. Kamfanonin koyarwa suna da amfani wajen bayanin dabaru, amma tambayoyin da suke ƙirƙira, musamman na Turanci, ba kasafai suke kama da na asali ba. A tabbatar kuma bugun da aka saya na sabon tsari ne.

Tun da babu kalkuleta a sashen lissafi, sai a sashen nazarin bayanai kaɗai, dole mutum ya dawo da lissafin ka da ya manta tun da waya ta shigo hannunsa. Ya san cewa ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ya riƙe ninkin lambobi da kansu har zuwa 20, ya iya rarraba lamba zuwa ƙananan lambobin da suka haɗa ta ba tare da dogon tunani ba.

Littafin kurakurai

Hausawa suna cewa zafin nema ba ya kawo samu. Mutum yana iya amsa tambaya 1,500 makinsa bai motsa ba, idan abin da yake yi shi ne duba amsa a bayan littafi, ya gyaɗa kai, ya wuce. Abin da ya fi kawo sauyi shi ne littafi na musamman, ko jadawali a kwamfuta, inda ake rubuta kowace tambayar da aka faɗi, da wadda aka ci da ka-cici-ka-cici, da wadda ta ci lokaci fiye da kima.

A gaban kowace, mutum ya rubuta dalilin faɗuwarsa, kuma dalilan ba su cika wuce huɗu ba. Ko dai bai san ƙa'idar ba, ko bai karanta tambayar da kyau ba, ko ya yi sakaci a tsakiyar aiki, ko lokaci ne ya matsa masa ya yi cinke. Kowanne maganinsa daban. Wanda bai san ƙa'ida ba sai ya koma littafi. Wanda aka tambaye shi riba ya ba da farashi, littafi ba zai yi masa magani ba, abin da yake buƙata shi ne ya saba sake karanta layin ƙarshe na tambaya kafin ya danna amsa.

Ga yadda shigarwa guda za ta kasance. Tambaya ta ce mota ta yi tafiyar kilomita 180 da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da gudun 90, mene ne matsakaicin gudunta? Mutum ya haɗa 60 da 90 ya raba biyu ya samu 75. Amsar ita ce 72, domin zuwa ya ɗauki awa 3, dawowa awa 2, kuma kilomita 360 a awa 5 shi ne 72. Abin da zai rubuta ba "amsar 72 ce" ba ne. Zai rubuta cewa matsakaicin gudu jimillar nisa ce a raba da jimillar lokaci, kuma shi yana da ɗabi'ar raba lambobi biyu a tsakiya duk lokacin da ya ga kalmar matsakaici. Bayan mako guda ya sake yin tambayar ba tare da duba bayani ba.

Bayan mako uku ko huɗu littafin zai fara nuna wa mai shi halinsa. Sau da yawa sai a tarar kurakurai iri uku ko huɗu ne ke cinye rabin makin da ake asara. Shi ya sa bitar jarrabawar gwaji ya kamata ta ɗauki lokaci daidai da na rubuta ta, ko ma fiye.

Agogo

Idan aka raba minti 45 da yawan tambayoyi, kowace tambayar lissafi tana da kusan minti biyu da daƙiƙa 9, ta Turanci ƙasa kaɗan da minti biyu, ta nazarin bayanai kuma minti biyu da daƙiƙa 15. Duba agogo bayan kowace tambaya yana ƙara fargaba, don haka ya fi kyau a kafa zango. A lissafi, tambaya 7 a kowane minti 15. A nazarin bayanai, tambaya 5 a kusan kowane minti 11.

Darasin da ya fi yi wa haziƙan ɗalibai wuya shi ne haƙura da tambaya. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a aji yana ganin abin kunya ne ya bar lissafi bai warware ba, sai ya ɓata minti shida a kan guda ɗaya, sannan ya yi cinken huɗu na ƙarshe waɗanda da zai iya ci. Idan minti uku ya wuce babu hanya, sai a cire zaɓuɓɓukan da ba za su yiwu ba, a zaɓi ɗaya cikin sauran, a sa alama, a wuce.

Ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne

Cire tambayoyin nahawu ya rage wa baƙin harshe nauyi, amma saurin karatu yana nan a matsayin matsala. Rubuce-rubucen da ake bayarwa sun shafi kimiyya da tarihi da tattalin arziki da zamantakewa, cikin dogayen jumloli masu cike da sharaɗi. Haddace ƙamus ba ya taimakawa sosai. Abin da ke taimakawa shi ne karanta rubutu mai nauyi na minti 20 zuwa 30 kullum, irin na mujallar The Economist ko Scientific American, sannan mutum ya rufe ya faɗa wa kansa a jumla ɗaya, ko da Hausa ne, abin da marubucin yake son tabbatarwa da hujjar da ya kafa.

A kuma lura da ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana, irin waɗanda ke nufin "wasu" da "galibi" da "duka", ko "amma" da "sai dai". Amsoshi da yawa na ƙarya gaskiya ne in ban da kalma ɗaya da ta wuce gona da iri.

A cibiya ko a gida?

Tun 2020, lokacin annobar korona, ake iya rubuta GMAT a gida. Ga wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, wannan yana da jan hankali, tun da cibiyoyin a manyan birane irin su Legas da Abuja suke, kuma zuwa can yana nufin kuɗin mota ko jirgi da na masauki. Sai dai ta gida tana buƙatar kwamfuta mai kyamara, da ɗakin da ba wanda zai shigo, da intanet da wutar da ba za su yanke ba na kusan awa uku, yayin da mai sa ido yake kallon mutum daga nesa. Wanda ba shi da tabbacin waɗannan, cibiya ta fi masa kwanciyar hankali.

A cibiya ba a shiga da takarda ko biro. Ana ba mutum wasu shafuka masu santsi da alƙalamin maka, don haka yana da kyau ya gwada rubutu a kan irinsu tun a gida. Sunan da aka yi rajista da shi kuma dole ya zo daidai da na takardar shaida harafi da harafi, kuma fasfo ne ya fi aminci. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed, ko sauyin jerin sunaye, yana iya sa a hana mutum shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan makin bai yi ba

Mutum yana ganin makinsa a allon kwamfuta da zarar ya gama, sannan cikakken rahoto ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. A sabon tsari, sai ya ga makin sannan zai zaɓi makarantun da zai aika wa, kuma guda biyar na farko kyauta ne idan ya aika cikin awa 48 da fitowar sakamakon. Makin yana aiki har shekara biyar.

Ana iya sake zama bayan kwana 16, har sau biyar a cikin wata 12. Amma komawa bayan kwana 16 da irin shirin da aka yi a baya, zubar da kuɗi ne. Rahoton yana nuna yadda mutum ya yi a kowane nau'in tambaya da yadda ya kashe lokacinsa. Idan ya nuna cewa makin ya zube ne a tambayoyin ƙarshe na kowane sashe, matsalar agogo ce. Idan sashe ɗaya ne ya ja sauran ƙasa, nan za a mayar da hankali, domin ƙara maki a sashen da mutum yake da rauni ya fi sauƙi a kan matso ƙari daga wanda ya riga ya ƙware.

Manyan makarantu galibi suna karɓar takardun neman shiga a zagaye uku: na farko a Satumba, na biyu a Janairu, na uku a wajajen Maris ko Afrilu. Mai son shiga zagayen Satumba ya kamata ya yi zamansa na farko a Mayu ko Yuni, don ya bar wa kansa damar sakewa ba tare da ta ci karo da rubuta wasiƙun neman shiga ba.

Masu alƙawarin "taimako"

Kamar kowace jarrabawa mai daraja, GMAT ma tana da masu yi mata dillanci, masu cewa suna da tambayoyin da za a yi ko za su rubuta wa mutum daga nesa. GMAC ba ta wasa da wannan. A 2008 ta yi nasara a kotu a kan wani shafin intanet mai suna Scoretop da ke yaɗa tambayoyin da ake kan amfani da su, sannan ta soke makin mutum 84 tare da sanar da makarantun da aka aika wa sakamakonsu. Wanda aka kama yana iya rasa makin da gurbin karatun gaba ɗaya, ko da ya riga ya fara zuwa aji.

Hangen Dala ba shiga birni ba

GMAT ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Mafi yawan makarantun kasuwanci yanzu suna karɓar GRE, wadda aka taƙaita ta zuwa ƙasa da awa biyu a Satumban 2023, kuma ana amfani da kalkuleta a lissafinta, sai dai tana buƙatar sanin kalmomin Turanci masu yawa. Ga manyan ma'aikata masu neman MBA na shugabannin ma'aikatu akwai Executive Assessment ta minti 90. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci, kamar a Nijar da Chadi da Kamaru, suna iya duba TAGE MAGE, wadda makarantun kasuwanci na Faransa ke karɓa a wasu kwasa-kwasansu. Makarantun cikin gida kuma, irin su Lagos Business School da makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, kowace tana da nata ƙa'idojin shiga da ya kamata a duba kafin a kashe ko sisi. Hanya mafi sauƙi ta zaɓa tsakanin GMAT da GRE ita ce a yi gwajin kyauta na kowace, a ga wadda ta fi dacewa da mutum.

Haka kuma maki, komai kyansa, ɓangare ɗaya ne na takardun neman shiga. Makarantu suna duba shekarun aiki, da abin da mutum ya jagoranta, da shaidar shugabanninsa, da yadda ya bayyana abin da zai yi da karatun. A kowace shekara suna mayar da masu maki sama da matsakaici, suna kuma ɗaukar wasu da ke ƙasa da shi. Wanda ya kai makin da makarantarsa ta saba ɗauka, ya fi masa ya rufe littafin GMAT ya koma kan sauran takardun, maimakon ya sake biyan dala 275 don neman ƙarin maki 10.

Wanda kuma bai kai ba, kafin ya sayi sabon littafi ko ya yi rajistar wani zama, ya fara buɗe jarrabawar gwajinsa ta ƙarshe, ya bi tambayoyin da ya faɗi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta dalilin kowace.